Kawun da Ya Bar Sahun Gaba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu ya riga mu, mu ma muna tafe. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Inna matarsa haƙurin rashinsa. Wannan ita ce addu'ata, kuma na yi ta da zuciya ɗaya. Abin da ya biyo bayanta faɗa ne, wanda ba ya son faɗa ya tsaya a nan, ba zan ji haushinsa ba.

Ranar sadakar uku ina cikin gida ina zagayawa da buta da kofuna, kunnena kuwa yana ko'ina. Maza suna waje a kan tabarmi, maganarsu na shigowa ta tagar zaure. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce, "Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai." Aka yi 'yar dariya, ni ma na yi, don wannan gaskiya ce. Tsofaffin ɗalibansa da suka zo daga jami'ar da ke unguwar Kongo, manya da furfura, wani har da hawaye yana cewa Malam ne ya fara ɗora hannunsa a kan kwamfuta. Duk wannan ya yi mini daɗi.

Sai wata Hajiya daga Tudun Jukun ta matso kusa da Inna, matar Kawu, ta sassauta murya yadda ake yi in ana so kowa ya ji. Ta ce, "Allah dai Ya yafe masa. An ce da ƙarshe ya zo har jam'in azahar ya daina zuwa. Boko ke nan, Hajiya, in ya yi wa mutum yawa." Matan da ke kusa suka sunkuyar da kai. Inna carbinta kawai take ja. Ni kuwa saura kaɗan butar ta suɓuce daga hannuna. Na haɗiye, don gidan makoki ne, amma maganar ta tsaya mini a wuya, ita ce nake amayarwa yanzu.

Eh, Hajiya, ya daina zuwa. Ba a yi masa ƙarya ba. Mutumin da tun ina goye ake ganinsa a sahun gaba, ya wayi gari ana kiran azahar yana zaune a kujera. Amma tunda za a faɗa, a faɗa duka.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a gidansa na tashi. Ya yi aikinsa a ɗakin kwamfutoci na jami'a a Kongo har ya yi ritaya. Gajere ne, da ƙaramin sukuddireba a aljihun gaba, ko ranar idi ba ya barinsa a gida. Shayinsa babu sukari, kuma in ka sa masa zai shanye sannan ya yi maka wa'azi. Tun muna yara aikensa ne muka fi gudu. In ya aike ki da tuwo gidan maƙwabta kika dawo kika ce, "Kawu, na kai," sai ya ɗago gira.

"Kin kai? Wa ya karɓa?"

"Na ajiye a tsakar gida."

"To kaji kika kai wa. Koma."

Haka za ki koma, ki nemo matar gidan, ki ga kwanon a hannunta, sannan ki dawo. Karin maganarsa ɗaya ce, ya maimaita ta har muka haddace: na kai daban, an karɓa daban. Wani abin da ba ya so shi ne a yi wa ƙaddara sharri. In fanka ta mutu aka ce ƙaddara ce, sai ya ce, "Ƙaddara gaskiya ce, amma an duba wayar?"

Bayan ritaya bai iya zaman gida ba. Shi da wasu dattawan unguwa suka kafa wani ɗan aiki a saman wasu shaguna a nan Tudun Wada. Ana tattaro tsofaffin kaset-kaset daga gidaje, na karatun malamai, na tarihin da tsofaffi suka bayar, na waƙoƙin niƙa da na daka, har da na coci, a juye muryar zuwa kwamfuta kafin zaren ya ruɓe. Kwamfutocinmu tsofaffi ne masu murfi, cikinsu ba ya ɗaukar kaya da yawa. Don haka Kawu ya kafa wani baƙin akwati a ƙuryar ɗaki, ya ja wayoyi daga kowane tebur zuwa gare shi. Duk abin da ka juya, in ka danna sebin, wato maɓallin ajiyewa, can yake tafiya kai tsaye. Rumbu ya sa masa suna, kowa ya kama.

Da ƙarfinsa ya fara raguwa, ya miƙa shugabancin wurin ga babban ɗansa. Yaya nake ce masa, amma taubashina ne, don haka ina da lasin faɗa masa abin da na ga dama, kuma ina amfani da shi. Yaya mutum ne mai ƙoƙari, mai saurin aiki, mai saurin fushi. Sai ni, sai wasu maza biyu, sai Anti.

Anti 'yar'uwarmu ce. Kakanta da mahaifin Kawu uwa ɗaya uba ɗaya suke, sai dai kakanta ya bi hanyar coci tun zamanin da, zuriyarsa suka zauna a Wusasa. A danginmu akwai masu tuna wannan zumunci sai ranar biki, akwai masu yi kamar sun manta. Kawu ba ya cikinsu. Da ta bar koyarwa, shi ya je har gida ya ɗauko ta, ya ce ba wanda ya kai ta kunnen jin tsohuwar Hausa. Baba take ce masa. Mace ce doguwa mai shiru, tana zuwa da ɗan fulas ɗinta na kunun gyaɗa, in ta zuba sai ta fara turo mini kofin.

Kawu yana da dokoki a ɗakin, ɗaya daga ciki ita ce duk wanda zai tashi daga teburinsa ya rufe murfin kwamfutarsa. Wutar inbata, na'urar da ke tara mana lantarki, ba ta da yawa, kuma ba ya son a bar aiki a buɗe. Mun bi dokar nan har ta zame mana jiki.

Sai rumbu ya fara cin amana. Ka juye kaset tun safe, ka danna sebin, kwamfuta ta nuna maka ta gama. Washegari ka buɗe, ga sunan fayil ɗin nan ƙalau, amma cikinsa wayam. Wani lokacin kuma rabi ne, malami yana tsakiyar magana sai ɗif. Ba kullum ba, ba kuma kowane fayil ba, shi ya sa abin ya fi cin rai. Da lalacewa ya yi gaba ɗaya da mun san mun yi asara mun huta.

Kawu ya dawo aiki gadan-gadan. Ya zargi wayoyi, ya canza su, da hannunsa yake matse kawunansu yana rarrafe a ƙarƙashin tebura, ana ba shi haƙuri yana cewa a rabu da shi. Abin bai daina ba. Ya zargi inbata, ya kwance ta. Ya zargi faifan da ke cikin rumbun, ya gwada shi, lafiya lau. Wani mai gyara daga Gyallesu ya zo ya danna nan ya danna can, ya ce bairos ne, wato cutar kwamfuta. Kawu ya ce, "Nuna mini shi." Ya ce ai ba a ganinsa. Kawu ya ce, "To kai da mai cewa aljani ne duk ɗaya kuke, gara shi ma yana zuwa da turare." Mai gyaran ya tattara kayansa a fusace, har yau in ya gan ni sai ya kau da kai.

Ni dai na ga Kawu ya rame a kan abin nan. Yakan zauna gaban rumbun ya zuba masa ido, yana magana shi kaɗai. Bai san dalili ba, kuma bai yi ƙaryar ya sani ba.

Sai aka zo kan kaset ɗin Kaka, mahaifin Kawu. Shi kaɗai ne muryarsa da ta rage a duniya, wani karatu da ya yi da addu'ar da ya yi wa zuriyarsa a ƙarshe. Zaren ya tsufa ƙwarai. Yaya ya ce shi zai juya da kansa. Ya juya, muna ji muna share hawaye, ya gama daidai ana shirin tayar da salla. Ya danna sebin, ya rufe murfi, muka fita. Da yamma garin mayar da zaren baya rediyon ta tauna shi, ya cukurkuɗe ya tsittsinke. Muka ce alhamdu lillahi da an riga an juye. Da aka buɗe fayil ɗin, Kaka ya yi karatunsa, ya ce, "To yanzu bari mu yi addu'a," shi ke nan. Addu'ar ba ta isa rumbu ba.

Ban taɓa ganin Yaya a irin wannan hali ba. Baƙin cikinsa gaskiya ne, wannan ba zan ƙwace masa ba. Amma abin da ya yi da baƙin cikin shi ne ban yafe ba har yanzu. Ya bi fayilolin da suka lalace ɗaya bayan ɗaya, ya ga kusan duka waɗanda aka ajiye ne dab da azahar ko la'asar. Ya kuma ga na Anti ba ko ɗaya da ya taɓa lalacewa. Washegari da safe, kowa na zaune, ya tsaya a tsakiyar ɗaki.

Ya ce, "Ina da tambaya. In mun tafi salla, wa ke zama a ɗakin nan?"

Anti ta ɗago kai a hankali.

"Ni ce, ai ka sani."

"To me ya sa karatun malamanmu ne ke lalacewa, waƙoƙinku na coci ko ƙwarzane babu?"

Na ce, "Yaya, ka ji bakinka kuwa? Ko ba ka karya ba ne?" Ya daka mini tsawa, ya ce yau ba ranar wasa ba ce. Sauran mazan biyu suka duƙar da kai, kuma duƙar da kan nan yarda ce, na gane. Anti ba ta yi kuka ba, ba ta rantse ba. Ta rufe fulas ɗinta, ta ciro makullin ɗakin daga jakarta ta ajiye a kan tebur. Ta dubi Kawu ta ce, "Baba, na gode. Sai wata rana." Ta sauka.

Kawu yana zaune kusa da rumbu, bai motsa ba sai da ƙarar takalminta ta ɓace. Sannan ya ce wa ɗansa, "Ka gan ta ta taɓa?"

"Baba, ai ba sai an gani ba. Lissafi ya nuna."

"Lissafi ya nuna lokaci, bai nuna hannu ba. Ka jefi 'yar'uwarka da abin da ba ka gani ba, a gabana, da sunan ubana. Ubana bai aike ka ba."

Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa. Har a wurin mai kayan miya na ji ana cewa an kama wata tana goge karatun malamai. Mace mai shekarunta, wadda ta koyar da 'ya'yan mutane da yawa a garin nan, aka wayi gari sunanta ke nan.

Ni kuma akwai abin da na sani, wanda ba zan iya faɗa a gaban maza ba. Akwai kwanakin da mace ba ta salla. A irin waɗannan kwanaki ba na tashi, ina zaune a teburina ina aikina, Anti na nata. Da idona na ga ba ta taɓa kwamfutar kowa ba, amma fayilolin maza sun lalace a ranakun, nawa kuwa ba abin da ya same su. In na koma salla sai nawa su ci gaba da lalacewa. Yaya zan yi in tsaya gaban kawuna in ce masa wannan? Sai na je na faɗa wa Inna a ɗaki. Inna ta ce, "Bar ni da shi." Yadda ta faɗa masa ban sani ba, tsakaninsu ne.

Kawu bai taɓa ɗaga mini maganar ba, ko da ido. Zai iya kafa ni shaida a gaban Yaya a gama magana nan take, amma ya san abin da hakan zai jawo mini na kunya. Abin da na gani kawai shi ne, da safe ya zo ya tsaya a bayan kujerata, ya daɗe yana kallon hannuna. Da aka kira salla na danna sebin na kai hannu zan rufe murfi, sai na ji ya ce, "La ilaha illallahu." A hankali ya faɗa, kamar wanda ya taka ƙaya.

Bai yi bayani ba, don shi gani ya kori ji. Ya aika aka ce wa Anti don girman zumunci ta zo sau ɗaya tak, jibi. Washegari, ba ta nan, ya ce kowa ya juye wani kaset marar muhimmanci, ya yi yadda ya saba. Aka kira azahar, muka danna sebin, muka rufe murafe. Ya kulle ɗakin da kwaɗo, ya danƙa wa Yaya makullin ya ce ya sa a aljihunsa. Muka dawo aka buɗe. Biyu sun lalace, har da na Yaya.

Ranar da Anti ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a rataye, ta ƙi zama. Kawu ya roƙe ta ta zauna, ta zauna. Ya ce mana yau kowa ya danna sebin ya bar murfinsa a buɗe. Muka tafi muka bar ta ita kaɗai da kwamfutoci duka a buɗe a gabanta. Muka dawo, ya sa aka buɗe kowane fayil daga wata kwamfutar daban, aka saurara har ƙarshe. Ba ko ɗaya da ya yi ciwon kai.

Sannan ya yi magana. Ya ce kwamfutar nan in ta ce ta gama, ba ta gama ba. Tana karɓar kayan ne ta riƙe a cikinta, ta ce maka na kai, sannan ta riƙa turawa rumbu kaɗan-kaɗan ta waya. Fayil ɗin murya babba ne, yana ɗaukar lokaci. In ka rufe murfi sai ta yi barci da sauran kayan a hannunta, hanya ta yanke. Mu muna gaggawar samun jam'i, muna dannawa mu rufe a numfashi ɗaya. Anti ba ta tashi, don haka nata na isa.

Ya ce, "Wa ya kafa dokar rufe murfi? Ni. Ni na kashe addu'ar ubana, ba wani ba. Ni da na cika wa yara kunne da na kai daban an karɓa daban, sai ga shi na yarda da na'ura ba tare da na tambaye ta wa ya karɓa ba." Ya juya ga Yaya. "Saura kai. Ga ta nan."

Yaya ya dubi ƙasa, ya ce, "To ai yanzu an gane. Ƙaddara ce. Anti, sai ki dawo aiki."

Ƙaddara ce! Wallahi da ina kusa da shi da na maka masa fulas ɗin. Anti ta jira kaɗan ko akwai saura. Babu. Ta miƙe ta ce, "Baba, na zo don kai. An wanke na'ura, Allah Ya sa albarka." Ta tafi, ba ta sake dawowa ba.

Gyaran kansa bai ɗauki Kawu wani lokaci ba. Ya soke dokar murfi, ya canza saitin kwamfutocin yadda ba za su yi barci ana tura kaya ba, ya kuma ce daga yau ba a mayar da kaset baya sai an saurari fayil ɗinsa daga wata kwamfutar. Rumbu bai ƙara cin amana ba. Amma magana a unguwa ba ta da saiti. Waɗanda suka ji an kama ta ba su ji an wanke ta ba, don wanda ya jefa bai fito ya janye ba.

Kawu ya ɗauki makullin da ta ajiye ya kai mata Wusasa a kan acaɓa, tsoho da shi. Ta aiko da shi washegari. Ya sake kaiwa. Ta sake aikowa. Da ya kai na ƙarshe ya ce mata in ta dawo da shi zai zo ya kwana a ƙofar gidanta, kuma ta san zai aikata. Ta riƙe, amma ba ta zo ba.

Daga nan ne ya fara abin da Hajiya ta ji labari. Aka kira azahar, kowa ya miƙe, Kawu ya ja sandarsa ya je ya zauna a kujerar Anti. Yaya ya ce, "Baba, an kusa tayarwa."

Kawu ya ce, "Ku je. Tun da aka buɗe wurin nan wata ke zama tana tsare muku kaya kuna samun ladan jam'i, ladanta a wurinku shi ne ku kira ta maci amana. Tunda kun kore ta, ni zan zauna. Ranar da ka je gidanta ka ba ta haƙuri, ka kuma faɗa a ƙofar masallacin da ka bari maganar ta yaɗu, ranar zan koma sahuna."

Na sani, shi ma ya sani, kwaɗo zai iya wannan tsaron. Ba ɗakin yake tsarewa ba. In sun dawo sai ya shimfiɗa dardumarsa a gefen rumbu ya yi sallarsa shi kaɗai, a kan lokacinta, bai taɓa bari ta wuce ba. Asuba, magariba da isha'i yana masallaci kamar kullum. Azahar da la'asar ne kawai, a ranakun aiki. Kuma kada wani ya ɗauka abin bai dame shi ba. Na sha ganinsa in lasifika ta kawo kabbarar liman, leɓensa na motsi, hannunsa na murza kan sanda.

Liman da kansa ya hawo saman nan ya same shi. Abokinsa ne tun ƙuruciya. Ya ce, "Malam, ladan jam'i fa ba abin wasa ba ne, kuma mutane na magana. Har an fara cewa ka ce salla ke ɓata aiki." Kawu ya ce, "Salla ba ta ɓata komai ba, gaggawarmu ce da dokata. Amma Malam, kai ka fi ni sani. Ladan da na rasa da mutuncin da aka zubar, wanne ne za a fi tsananta tambaya a kansa?" Liman ya sha shayin da babu sukari, ya sauka. Na ji ya yi wa Yaya magana. Yaya ya ce zai je, in ya sami lokaci. Kullum zai je. Ɗan gidan ne, taurin kan bai tsince shi a ƙasa ba.

Ko Kawu ya yi daidai ta fuskar fiƙihu, wannan na malamai ne, ni ba malama ba ce. Abin da na sani shi ne ya san farashin abin da yake yi, ya biya da idonsa a buɗe, kuma ba don kansa ba.

Ranar da ya rasu da hantsi ne. Ya ce ba ya jin daɗi, bai fito ba. Muna wurin aiki, kowa ya sa kaset yana juyawa, aka kira Yaya a waya. Ban san yadda muka sauko daga benen ba. Wani ya ja ƙofa ya danna kwaɗo, muka bar komai a kunne. Aka sa jana'iza bayan azahar.

Da maza suka ɗauke shi suka tafi, gidan ya cika da kuka, ni kuma na kasa zama. Sai na tuna kaset-kaset ɗin mutane da muka bari a cikin rediyoyi, ga wuta tana iya ɗaukewa. Na ce in Kawu zai tambaye ni wani abu yau, wannan ne. Na ja mayafina na fita ta ƙofar baya. Sai da na kai ƙasan benen na tuna makulli yana aljihun Yaya. Na hau dai.

Ƙofar a buɗe take. Anti tana zaune a kujerarta, idanunta sun kumbura. Ta kashe rediyoyin, ta cire kowane kaset ta mayar da shi gidansa. Kwamfutoci duka a buɗe, ta sa abin ji a kunne tana sauraron fayil ɗin Yaya daga tata kwamfutar. Ta ɗaga mini hannu alamar in jira, sai da ya kai ƙarshe ta cire.

Ta ce, "Duk sun isa. Na bi su ɗaya-ɗaya."

Na ce, "Anti, ba ki je gida ba?"

"Zan je. Na ji an ce duk sun tafi yi masa salla. Na ce to, yau wa zai zauna?"

Nan na durƙushe na yi kukan da ban yi a gida ba. Muna haka muka ji taku a kan bene. Yaya ne, shi ma abin da ya kawo ni ya kawo shi, ƙafafunsa da jar ƙasar maƙabarta, makulli a hannunsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi kujerar, ya dubi wadda ke kai. Ya cire hularsa ya durƙusa a nan bakin ƙofar, ƙato da shi, ya ce, "Anti, na yi miki ƙazafi. Ki yafe mini. Zan faɗa a masallaci, yau ɗin nan."

Ya faɗa kuwa, bayan magariba, a gaban jama'a, liman na tsaye. Da alama labarin bai kai Tudun Jukun ba, shi ya sa nake aika wa Hajiya da shi a rubuce. Ni dai har yanzu in na tuna da ya faɗi haka tun da wuri da Kawu ya mutu yana sahunsa, sai in ji ba na son ganin Yaya. Allah Ya sassauta mini, Ya kuma ba Kawu sahun da ya fi wanda ya bari.

Amma a ranar, a ɗakin, Anti ba ta ce na yafe ba, ba ta ce ban yafe ba. Ta daɗe tana kallonsa. Sai lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan ya fara kiran la'asar. Ta share idonta da gefen ɗankwali, ta jawo kujerar ta gyara zama.

Ta ce, "Tashi ka wanke ƙafarka, kada ka rasa jam'i. Ina nan."